Tishat ɗin baba, wandon auta

Duk gidan da kika shiga a Garwa ta Kamaru, in aka zazzage buhun da ke bayan ƙofa ko aka tono ƙasan akwatin maigida, ba za a rasa tsofaffin tishat ba. Yawancinsu ma ba saye aka yi ba. Ranar 11 ga Fabrairu ta bikin matasa a raba, 20 ga Mayu ta bikin ƙasa a yi fareti a raba, kamfanonin waya su raba, masu rabon gidan sauro su zo da nasu. Lokacin zaɓe kuwa ba a magana, sai ki ga mutum ɗaya da rigunan jam'iyya uku, kowacce ya karɓa hannu biyu har da godiya. Maigidana direban babbar mota ne, shi kuma ba ya mayar da hannun kyauta baya. Zai sa riga ta kwana biyu, da wuyanta ya saki ko tumbi ya fi ƙarfinta sai ta koma buhu. Daga buhun nan nake fitar wa yarana kayan zaman gida, kuma tun da matan unguwa suka farga ba su bar ni na huta da tambayar yadda nake yi ba. To ga amsar a dunƙule, wadda ta tare ni gobe a gidan suna sai in tura mata wannan.

Ba rashi kaɗai ke sa ni ba, ko da yake rashin akwai shi. Ko da kuɗi a ƙullin zanena, a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, iska ta tsaya cik, ko a bakin Binuwai ba sauƙi, babu yadin da zan sa wa yaro da ya fi tsohuwar tishat ta auduga. Ta sha wanki har ta yi laushi, rinin da zai zuba ya gama zuba, tsukewar da za ta yi ta riga ta yi. Sabon yadi ki ɗinka shi cif-cif, wanki ɗaya ya ɗage ya bar cibiya a waje. Ita tsohuwar yadda kika yanka ta haka za ta zauna. Tana shan gumi, tana barin iska ta ratsa, ba ta cin wuya da hammata.

Ku dubi kayan yara sababbi da suka cika babbar kasuwa, masu sheƙi da hoton beyar da zomo a ƙirji. Kyau kam akwai. Amma mafi yawansu roba ce zalla, kuma ita ce ke haɗa yaro da ƙurajen zafi a wuya da gadon baya, ya kwana yana susa ke ma ki kwana kina fifita.

A farkon 2022, da aka buga gasar cin kofin Afirka a nan Kamaru, Najeriya a filin Rumde Ajiya ta yi wasanninta. Ranar da ta ci Masar 1-0 garin nan kore ya koma, babba da yaro kowa da jesi. Da Tunisiya ta fitar da su, jesunan suka bi hanyar buhu, mata suka yi ta kawo mini a rage wa ƙanana. A sanyin Janairu ba wanda ya ji komai. Amma na ce musu ku jira bazara, sa wa jariri jesi a watan Afrilu kamar a sa shi cikin leda ne a ɗaure baki. An yi ta ne don ƙato ya yi gudun minti 90 ya tuɓe. Inda take da amfani shi ne gajeren wandon yaro ɗan shekara bakwai ko takwas, mai yini a fili yana buga ƙwallo yana cewa shi ɗan wasan Coton Sport ne: ba ta yagewa da wuri, ƙura ba ta kama ta, ana wankewa ta bushe nan take.

Gane ta auduga ba wuya. A duba ƙyallen da ke bayan wuya ko a gefen ciki, in an rubuta 100% coton shi ke nan. Wadda aka gauraya da roba kaɗan ma ba laifi. In rubutun ya goge, a yanko ɗan ƙyalle daga cikin kalmasa a kara masa ashana a tsakar gida. Auduga tana ci da wuta sosai, ta yi ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri.

In buhun gida ya ƙare, sai gwanjo. Ni ba na zuwa da safe lokacin da ake fasa dila ana rububi, wannan na masu neman ta sawa ne. Da yamma nake zuwa, kan tarin da aka tsince aka bari. Can ake samun manya-manyan nan, XL da XXL, waɗanda ba mai cika su, da masu tabon mai a ƙirji ko huji a hammata. Mai gwanjo so yake ya rabu da su, wani lokaci kuɗin riga biyu bai kai na kilando, wato babur na haya, zuwa kasuwar da dawowa ba. Tabo da huji ba su dame ni ba, almakashi zai kewaye su. Abin da nake dubawa ƙarfin yadin ne. In ɗaga ta sama ta fuskar rana: in haske na ratsa ta ko'ina, ko ƙananan huji sun bazu a wajen ciki, ta gama yayi. Sai in ja ta a faɗi in saki. In ta koma yadda take, tawa ce. In ta tsaya a sake, in bar wa mai neman tsumman goge mota.

Akwai abin da ke ba ni dariya mai ciwo a duk lokacin da na juya wuyan rigar gwanjo na ga an rubuta Bangaladash. Mu nan audugar a gonakinmu take. Daga Pitowa zuwa Gidar, da kaka fari fat za ki ga hanya. Kamfanin auduga SODECOTON, wanda aka kafa tun 1974 kuma hedikwatarsa ke nan Garwa, shi ke saye ya gurza. Kaɗan ake saƙawa a ƙasar nan, sauran a ɗaure a loda wa irin su maigidana, su kai Gaundere, jirgin ƙasa ya kai Duwala, jirgin ruwa ya wuce da ita Asiya. Can a saƙa a ɗinka, a sayar wa Bature, ya sa ya gaji ya bayar sadaka, a matse a dila, ta sake sauka a Duwala ta biyo hanyar da ta bi da farko. Mu abin da ke tsaya mana a gida tun farko shi ne man Diamaor na ƙwayar auduga da muke suya da shi. To rigar da ta sha wannan yawon, ni dai ban ga dalilin da zan bar ta ta ƙare a kwata don wuyanta ya saki ba.

Sai maganar rubutu da hoto. Kada ki yanka rigar gwanjo mai rubutu sai wanda ya iya harshen ya karanta miki. Akwai tallar giya, akwai zagi, akwai maganar banza da in kika ji fassararta ba za ki bari ta kwana a ɗakinki ba. Da Faransanci muna ganewa, amma Ingilishi da Jamusanci sai a nemi ɗan makaranta ko a sa waya ta fassara. Rigar zaɓe kuma, don Allah a lura inda fuskar ɗan takara za ta faɗa. In kika shimfiɗa wando a kanta ba tunani, sai ki tarar hancin bawan Allah ya zauna daidai mazaunan yaro, a fita da shi unguwa a ɗauka da gayya kika yi. Ni bayan rigar nake amfani da shi, ko in juya ta ciki ya koma waje. Har wa yau fentin nan mai kauri yana toshe iska, yana tsattsagewa, ga shi yana manne wa dutsen guga, don haka barinsa ya fi.

Kowace ce, ta gida ko ta kasuwa, a jiƙa ta a ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana ta bushe ƙayau, a goge kafin almakashi ya taɓa ta.

Yanzu ga inda aikin yake. Mutane suna ɗauka a keke gwanintar take, alhali a yanka take. Masana'antar da ta ɗinka rigar ta riga ta yi miki abubuwa uku da kekenki na ƙafa ba zai iya ba: kalmasar ƙasa mai layi biyu wadda ke miƙewa ba ta tsinke ba, kalmasar bakin hannu, da kewayen wuya. Mai yankewa ta zubar da waɗannan ta zubar da rabin ɗinkin. Dabarar ita ce ki shimfiɗa sabuwar tufar yadda bakinta zai faɗa kan tsohuwar kalmasa, ƙafar wando ce ko gindin riga ko bakin hannu. Abin da ya sa maƙwabta ke rantsewa saye na yi kenan, don ido a bakin tufa yake fara sauka.

Abu na biyu, yadin tishat ba irin saƙar atamfa ba ne da zare ke gicciye zare. Madaukai ne aka sarƙa cikin juna, shi ya sa yake miƙewa, kuma ya fi miƙewa a faɗi fiye da tsawo. Dole faɗin nan ya zagaye jikin yaro, wato sama ta zauna sama, ƙasa ta zauna ƙasa, yadda babba ya sa ta. In kika karkatar don ki tsimi yadi, rigar za ta ƙi shiga kai, tsawonta kuma ya riƙa zazzagowa. Daɗin abin shi ne wannan saƙar ba ta warwarewa in an yanka, bakin naɗewa kawai yake, saboda haka ba sai an bi bakin ɗinki ta ciki ba.

Gajeren wando shi ya fi sauƙi, da shi nake cewa kowa ta fara. Ba na zana komai a takarda. In ɗauko wandon yaron wanda ya yi masa daidai, in ninke shi biyu yadda lanƙwasar tsakiya za ta fito waje. In shimfiɗa tishat a tabarma, in ɗora wandon a gefenta, miƙaƙƙen ɓangarensa ya hau kan ninkin gefen rigar, bakin ƙafa ya hau kan kalmasa. In zagaye da alli ko guntun sabulu, in bar santimita 1 na ɗinki, a sama kuma in bar santimita 4 na gidan roba. In yanka, in koma ɗaya gefen in yi haka. Kowane yanki ƙafa ɗaya ne, gefensa na waje a haɗe yake tun asali. Sai a ɗinke cikin cinya na kowace ƙafa, a cusa ɗaya cikin ɗaya fuska na duban fuska, a bi lanƙwasar tsakiya daga gaba zuwa baya. A ninke sama, a zura roba mai faɗin santimita 2. Robar ta gaza ƙugun yaro da santimita 2 ko 3, kada ta wuce haka, in kika ga shaida a fatarsa ta matse. Bayan wando ya fi gabansa tsawo kaɗan, musamman ga mai sa nafkin, in ba haka ba da ya durƙusa sai ya zame. Ni kan bar 'yar ƙofa a gidan robar ban ɗinke ba, don robar kasuwa takan mutu yadin na nan da ransa, sai in zare in sa wata.

Mai dogon hannu kuwa kyauta ce biyu. Hannayen nan biyu dogon wando ne da aka kusa gamawa: kowane hannu ƙafa ɗaya, bakinsa ya zama idon sawu. Lanƙwasar tsakiya kawai za ki yanka a wajen kafaɗa ki haɗa. Yana yi wa ɗan ƙasa da shekara biyu, kuma a safiyar hunturu, Disamba da Janairu, ba abin da ya fi shi. Jikin rigar na nan bai taɓu ba, ki fitar da wani abu.

Riga ita ke da 'yar fitina, fitinar kuma a wuya take. Yaro kansa ya girmi jikinsa. Ɗan shekara biyu kewayen kansa ya kai wajen santimita 48, alhali kafaɗunsa ba su taka kara sun karya ba. In kika yanka wuya daidai da jiki, kai ba zai shiga ba, a yi ta kokawa da kunnuwa yana ihu. In kika buɗe da yawa, ta riƙa zamewa a kafaɗa. Abin da nake yi, in farke tsohon kewayen wuyan da reza a hankali, in auna sabon wuyan, in yanka kewayen ya zama kashi huɗu cikin biyar na tsawonsa. In haɗa bakinsa ya zama zobe, in raba shi huɗu da alli, wuyan ma in raba huɗu, in haɗa alama da alama da fil. Wajen ɗinki kewayen ake ja har ya kai, jikin rigar ba a jan sa. Wannan gazawar ita ke sa wuya ya kwanta luf. Kafin ki ci gaba ki gwada a kan yaron. Na jariri kuma na fi son in bar kafaɗun gaba da na baya su hau juna, wuya ya buɗe sosai in za a sa, ya rufe da kansa. Igiya a wuya, maɓalli da duwatsun ado, ban yarda da su ba ga yaron da komai baki yake kai wa.

Hannu daga tsohon hannu ake fitarwa, da kalmasarsa. Na bazara ma ba na sa hannu sam.

'Yan mata sun fi morewa. In ɗauki saman daga tishat, in tsaya a ƙasan ƙirji, in haɗa da buje mai tattara daga ragowar atamfa. Guntayen atamfar bikin ranar mata ta 8 ga Maris da ke jibge a akwatin kowace mace a ƙasar nan, ga inda suke shiga. Sai dai atamfa ta fi nauyi, tana jan saman ya sake, don haka a haɗa da siririyar roba a layin ɗinkin ƙugu.

Kekena Butterfly ne na ƙafa, ɗinki miƙaƙƙe kawai ya sani, ba ya zigizag. Masu cewa irinsa ba ya ɗinka tishat ba su zauna da shi ba ne. Allura ce farko. Lamba 100 da 110 da teloli ke ɗinka jins da kaki da su suna fasa madaukan saƙar, ba za ki gani ba sai bayan wanki, huji su jeru a bakin ɗinki. Akwai allura mai ɗan dakusasshen baki da aka yi don wannan yadin, a kwalinta an rubuta jersey, lamba 75 ko 80, tana ratsawa tsakanin madaukai ba ta yanka su. In ba ki samu ba, ki sa sabuwa mafi siranta. Zare kuwa, nan ne roba ta yi rana: zaren roba ya fi na auduga jure ja, sama da kwarkwaro duka shi za ki sa. Tsawon taku ya kai kusan milimita 3, ki sassauta ƙusar da ke danne ƙafar keken, ki riƙe yadin gaba da baya kina ɗan miƙar da shi daidai wa daida yana wucewa. Da kin saki, ɗinkin ya samu rarar da zai miƙe da ita. Tsakiyar wando layi biyu nake bi, don nan ne ke fara fashewa in yaro ya hau katanga. In keken na haɗiye bakin yadin a farkon ɗinki, ki yago takarda daga tsohon littafin makaranta ki sa a ƙasa, ki ɗinke tare, ki yage daga baya. In ɗinkin ya yi tudu da kwari, jiƙaƙƙen ƙyalle da guga za su kwantar da shi. Wadda ba ta da keke ma kada ta ce an bar ta: ɗinkin hannu mai komawa baya taku ɗaya kafin ya ci gaba yana da ƙarfi, yana kuma miƙewa, sai dai ya ci miki yamma guda.

Uwar mijina ba ta so abin ba da farko. Ta ga auta cikin wandon da ta san rigar ɗanta ce, ta kira ni gefe ta ce, “Ke 'yar nan, jikan nawa za ki sa wa tsumma? Sai a ce ubansa ya gaza.” Na ce, “Inna, da aka haifi babansu, a me kuka naɗe shi?” Ta ce a tsohon zanen kakarsa mana, wa zai sa wa ɗanyen jiki sabon yadi mai sitaci. Na ce to ai shi ne, Inna. Ta yi tsaki ta ce bakina ya yi yawa. Ba ta ce na yi gaskiya ba, kuma ban sa ran za ta ce ba. Amma yanzu in ta je gidan ƙannen maigida, da ƙunshin tishat take dawowa, ta ajiye mini a kan keke ba ta ce uffan.

Ta wani gefen tana da hujja, kuma ina bin ta. Kayan Salla ba na taɓa su. Ranar idi yarana shadda da atamfa sababbi suke sawa daga wajen tela, ko da bashi ne, don yaro ma ya san ranar da ake duban kowa. Haka ranar suna da biki. Amma kwanakin nan nawa ne a shekara? Sauran duk a ƙasa ake yin su, cikin ƙura da ruwan mangwaro da miyar kuka, kuma yaro kafin wata shida ya fi ƙarfin abin da aka ɗinka masa.

Guntayen da suka rage ba na zubarwa. Masu faɗi su zama abin tare dalalar jariri ko tsumman kicin. Dogaye in yanka su siri-siri in ja, su naɗe su zama igiya, in kitsa su in naɗa in ɗinke su zama abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Wasu su tafi gammon yarinyar da ke kawo mana ruwa, wasu maƙwabcinmu mai lambu ya karɓa yana ɗaure tumatir, wai ba sa yanka kara. Masu dogon hannu ne ke mini wuyar samu a cikin gari, an fi tsince su da wuri in sanyi ya matso. Maigida ya ce ranar Lahadi in yana nan zai sauke ni kasuwar Pitowa in duba can, da sharaɗin in daina leƙa akwatinsa, wai shuɗiyar nan da na sa wa ido har yanzu yana sawa.